Tsamin koko da nono: inda yake kare ciki da inda ba ya kaiwa

Duk wanda ya sha koko da safe a Aboabo, ko fura da nono da rana a Asawase, ya ci gajiyar aikin ƙwayoyin bakteriya. Su ne ke cin sukarin da ke cikin gero ko madara su mayar da shi tsami. A gasarar koko da ƙullun kenke na Ghana, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa ita ce Lactobacillus fermentum. Irin waɗannan ƙwayoyi, idan an ci su da rai kuma da yawan da zai amfani jiki, su likitoci ke kira probayotik. Muna son mutanen zango su gane cewa kariyar da suke bayarwa iri biyu ce, ɗaya a cikin tukunya, ɗaya a cikin hanji, kuma kowacce tana da iyakarta.

Ta tukunya ita ce mafi tabbas. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda lambarsa ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa. Madarar da aka tatso yanzu tana wajen 6.6. Idan ta kwana ta kama sosai takan sauko zuwa 4.5 ko ƙasa, gasara mai kyau kuma takan kai 4 ko ƙasa da haka. A wannan matakin Salmonella da Shigella mai kawo atini da ƙwayar kwalara ba sa iya hayayyafa, da yawa ma mutuwa suke yi. Masu bincike a cibiyar Noguchi da ke Legon sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa ƙullun masara mai tsami yana danne Shigella da wani nau'in E. coli mai sa yara gudawa. Shi ya sa kunun yaye da aka dama da gasara mai tsami ya fi wanda aka dama da gari zalla jure ajiya.

Amma dafuwa tana kashe masu amfanin su ma. Kokon da aka dama da tafasasshen ruwa tsaminsa na nan, rayayyun ƙwayoyinsa kuwa kusan duk sun tafi. Mai neman rayayyu sai ya nemi nono ko yogot da ba a sake dafawa ba bayan ya kama.

A cikin hanji abin ya fi zurfi. Babban hanjin mutum cike yake da bakteriya, kuma cikar tasa ita ce katangar farko. Kamar kasuwar Kejetia ce ranar da babu rumfa ko ɗaya da ba kowa: baƙo ya zo da kayansa bai sami inda zai baje ba. Mazauna hanjin sun riga sun manne a bangonsa, sun cinye abincin da baƙuwar ƙwaya za ta rayu a kai. Wasu suna fitar da sinadarin da ke huda jikin abokan gaba. An gwada haka a ɓeraye a 2007, inda wani nau'in Lactobacillus salivarius ya kare su daga ƙwayar cutar Listeria, da aka cire masa ikon yin sinadarin kuma sai kariyar ta ɓace. Akwai E. coli mai amfani da ake kira Nissle 1917, wadda ke rige Salmonella kwasar sinadarin ƙarfe a hanji har ta raunana. Wasu kuma suna narkar da dusar hatsi da wake su samar da abin da ke ciyar da bangon hanjin kansa, yauƙinsa ya yi kauri.

Abin da ya fi rushe wannan katanga shi ne antibayotik da ake sha ba bisa ƙa'ida ba. Tun a shekarun 1950 aka ga cewa ɓeran da ke buƙatar ƙwayar Salmonella kusan 100,000 kafin ya kamu, idan an fara ba shi antibayotik ɗin streptomycin, ƙasa da 10 sun isa su kwantar da shi. Wannan ya kamata ya tsorata duk mai shiga kemis ya sayi kafso biyu don cikinsa ya murɗa. Yawancin gudawa ba ta buƙatar antibayotik.

Ga mai yin nono a gida ko don sayarwa, a tace madarar, a ɗora ta har ta kusa tafasa, wajen digiri 85, ana juyawa kada ta kama ƙasan tukunya. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin tsami ba abin dogaro ba ne wajen kashe tarin fukan shanu da Brucella mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, kuma E. coli O157 tana jure tsami fiye da 'yan uwanta. A sauke ta huce zuwa digiri 43, wato ɗumin da idan an ɗiga a bayan hannu ba ya ƙuna. A zuba cokali 2 zuwa 3 na nono mai kyau a matsayin iri a kowace lita, a rufe, a ajiye wuri mai ɗumi awa 6 zuwa 8, sannan a sa a firji. Idan an zuba irin alhali madarar na da zafi sosai, ya mutu, nono ba zai kama ba. Idan ta yi sanyi, tsamin zai yi jinkiri, kuma a cikin awannin jinkirin ne miyagun ƙwayoyi ke samun sarari. Nonon da ya kumbura da iska, ko ya yi ɗaci, ko warinsa ya canza, a zubar da shi, kada a ɗebi iri daga ciki.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an gama komai daidai. Mai fura ta dama da ruwan da ba a tafasa ba, ko ta jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. An ƙara ruwa da sukari a burkina, abin shan nan na nono da gero, don ta yi auki, tsamin ya ragu, robar kuma ta wuni a rana. An mulmula fura da hannun da ya karɓi kuɗi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan a fili take: tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka. Kokon da ya huce a sake ɗora shi ya tafasa kafin a ba yaro. Gero ko masarar da ta yi funfuna kuwa, jiƙa da tsami ba sa raba ta da gubar aflatoksin, tun a kasuwa ake ƙin ta.

Idan gudawar ta riga ta kama, kada a dogara da nono ko kwalbar probayotik. An gwada ruwan tsamin koko ga yara masu gudawa a arewacin Ghana, sakamakon da ya fito a 2006 bai nuna ya rage kwanakin ciwon ba. Manyan gwaje-gwaje biyu na probayotik ga yara masu gudawa a Amurka da Kanada a 2018 su ma ba su ga bambanci ba. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne rage gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik, da nau'o'i irin su Saccharomyces boulardii, kuma ko su ba a ba bakwaini ko mai raunin garkuwar jiki sai da izinin likita. Kwalarar 2014 ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Ankara da kewaye, kuma abin da ke ceton rai a irin wannan hali shi ne mayar da ruwan jiki da wuri. A haɗa ORS da daidai ruwan da aka rubuta a fakitin, a ba yaro zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 idan bai kai wata 6 ba, uwa ta ci gaba da shayarwa. In an ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne.