Starcaster: jitar Fender da kasuwa ta juya wa baya

A shekarar 1976 ne kamfanin Fender, wanda a lokacin yake hannun kamfanin watsa shirye-shirye na Amurka CBS, ya fito da jitar lantarki mai suna Starcaster, domin ya kutsa fagen da kamfanin ƙera jita na Gibson ya mamaye tun 1958 da samfurinsa ES-335. Gene Fields ne ya tsara ta, kuma zuwa farkon shekarun 1980 an riga an daina ƙera ta saboda rashin ciniki.

Gangar jikinta holoƙo ce ta gefe biyu, da ramuka biyu masu siffar harafin f a fuska, amma akwai dunƙulen katako da ya ratsa tsakiya, wanda aikinsa shi ne rage kuwwar da lasifika kan yi idan an ƙure sauti. Ƙugunta a karkace yake, ba daidai wa daida ba, irin na Jazzmaster, wata jitar ta Fender. Kan jitar kuwa yana da wata lanƙwasa da aka shafa wa baƙin fenti a ƙasa, wadda har yau wasu ke ganin ta ɓata mata kyau, ko da yake ni ina ganin ita ce ta ba ta kamanninta.

Inda ta fi rabuwa da abokiyar gogayyarta ES-335 shi ne wuya. Gibson yana manna wuya da gam, shi kuwa Fender ya ɗaure na Starcaster da kusoshi uku kamar yadda ya saba a lokacin, sannan ya bar tsawon tsirkiya a inci 25.5 maimakon 24.75 na Gibson. Wannan ɗan bambanci yana sa tsirkiya ta fi tauri a ƙarƙashin yatsa, kowane sauti ya fita tsaf ba tare da ya cakuɗe da na kusa da shi ba. Na'urorin ɗaukar sautinta guda biyu, wato Wide Range, aikin Seth Lover ne, mutumin da tun farko ya ƙirƙiro wa Gibson irin wannan na'ura, kuma maganaɗisunsu haɗin tagulla ne da nikel da ƙarfe. Maɓallan murɗawa biyar gare ta, na biyar ɗin yana riƙe da ƙarfin sautin gaba ɗaya, abin da makaɗi a kan dandamali zai yaba.

A ganina, matsalarta ita ce masu son jita mai holoƙon jiki sun ɗauki wuya mai kusoshi a matsayin alamar araha, magoya bayan Fender kuma ba su nemi irinta ba. Sai da makaɗa irin su Jonny Greenwood na ƙungiyar Radiohead suka riƙa fitowa da ita darajar tsofaffin ta tashi, har Fender ya sake fitar da wani samfuri a 2013, wanda aka rage masa maɓalli na biyar.