Na canja salansa, inji ya yi fushi

Wata uku ke nan ina fama da tsohon babur ɗina, Yamaha SR400 mai silinda ɗaya, samfurin da aka fara ƙerawa a 1978. Na sa gajeriyar kujera, na ɗaura salansa mai buɗaɗɗen baki. Ƙara kam, sai ka ce aradu! Amma ina sakin totur sai ya riƙa harbi, tas-tas. Na kwance fulogi, na gan shi fari fat: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Laifina ne, na canja salansa amma ban gyara kafireto mai haɗa iska da mai ba. Sai da na gyara kafireton ya ƙara ba da mai, fulogin ya koma ruwan ƙasa, alamar ya daidaita. Sitata kuwa ba zan sa ba, da kik nake jin daɗin tayar da shi.