Yunwar Holan da 'ya'yan da ta tarar a ciki

Na taso ina jin ana cewa hali zanen dutse ne, kuma ban taɓa ja da maganar ba sai da na karanta binciken da aka yi kan yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945. Sojojin Jamus, da suka mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, sun toshe hanyoyin shigar da abinci, har rabon babban mutum a rana ya faɗi ƙasa da kalori 1,000, jama'a suka koma dafa albasar furen tulip don su rufe ciki. Kimanin mutum 20,000 suka rasu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jariran da ke cikin uwayensu a lokacin, domin asibitoci ba su daina rubuta bayanan haihuwa ba, kuma hakan ya ba masana damar bin sawunsu har tsufa. Waɗanda yunwar ta tarar a watannin ƙarshe na ciki an haife su ƙanana. Waɗanda ta tarar a farkon ciki kuwa sun zo da nauyinsu daidai, ka ce babu abin da ya same su, amma da suka manyanta sai ƙiba da ciwon zuciya suka yawaita a cikinsu, haɗarin kamuwa da taɓin hankali mai tsanani kuma ya kusan ninkawa.

A 2008 wani bincike ya gwada waɗanda yunwar ta tarar a farkon ciki da 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya, ya gano cewa ƙwayar gadon IGF2 mai kula da girman jiki ba ta sauya ba, amma alamomin sinadarin da ke daidaita aikinta sun ragu a jikinsu, bayan shekara 60 da wucewar yunwar.