Zama da Maƙwabta Masu Alloli Miliyan Takwas

Kafin in baro gida an ja mini kunne a kan abubuwa da dama game da Japan: naman alade da ke ɓuya har cikin romo, giyar shinkafa da ake zuba wa girki, sanyin hunturu, tsadar haya. Duk na tarar da su. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne zan zauna cikin mutanen da in ka tambaye su addininsu sai su ce ba su da shi, alhali da wuya ka ratsa unguwa ba ka ci karo da wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, ba. Jinja suke ce masa, kuma akwai kusan 80,000 a ƙasar. Abubuwan bautar kuwa, kami, in za su faɗi yawansu sai su ce miliyan takwas, wato dai ba sa ƙirguwa.

Aikina a wani yadi ne a lardin Saitama, arewa da Tokyo, inda muke farke tsofaffin motoci mu cire inji da giya mu loda kwantena zuwa Legas da Sharja. Sitiyarin motar nan a dama yake, shi ya sa ba ta zuwa gida a tsaye, sai gunduwa-gunduwa. A ofishin maigidan akwai wata 'yar kanta can sama dab da rufi, da ƙaramin ɗaki na katako a kanta. Kullum da safe zai ɗora shinkafa da gishiri da ruwa, ya rusuna sau biyu, ya tafa hannu sau biyu, ya sake rusunawa, ya juya ya ɗauki waya ya ci gaba da cinikin gwanjo. Bai taɓa ce mini in taya shi ba. Shi ne ma ya sa aka share mini lungu bayan tarin tayoyi inda nake shimfiɗa darduma.

Motoci da yawa suna zuwa mana da laya rataye a madubi, 'yar jaka ta kyalle mai ado da ake saya a jinja don tsari daga haɗarin hanya. Maigida ba ya yarda a jefa ta bola, ko da motar ta zama ƙarafa. Yana da kwali da yake tara su, idan sabuwar shekara ta zo ya kai su Hikawa, babban jinjan da ke Omiya, a ƙona. Wanda ake bauta wa a can shi ne Susanoo, mai guguwa da teku.

Labarin Susanoo a bakin 'yata na fara jin sa, daga wani littafin hotuna da ta aro a laburare. Asalinsa yana cikin Kojiki, kundin da aka kammala a shekara ta 712. Wai Izanagi, wanda shi da matarsa Izanami suka haifi tsibiran Japan, ya dawo daga ƙasar matattu ya shiga kogi ya wanke ƙazantar da ya kwaso. Da ya wanke idon hagu sai Amaterasu ta fito, ita ce rana. Idon dama ya ba da wata. Hanci ya ba da Susanoo. Ƙanen nan ya fitini yayarsa, ya rushe mata kunyoyin gonar shinkafa, ya feɗe doki ya jefa cikin ɗakin saƙarta. Ta yi fushi ta shige kogo ta toshe bakinsa da dutse, duniya ta yi duhu. Sauran allolin ba su roƙe ta ba, dabara suka yi mata. Suka kawo zakaru suna cara, suka rataye madubi a bishiya, wata mai suna Uzume ta kife baho ta hau tana rawa har kowa ya tuntsire da dariya. Amaterasu ta leƙo don ta ga me ake wa dariya ita ba ta nan, ta ga haskenta a madubi, aka janyo ta waje, aka gitta igiya a bakin kogon don kada ta koma.

Tatsuniya ce, amma tun da na ji ta nake ganin igiyar nan ko'ina. Galibi da karan shinkafa ake tufka ta. Tana ƙofar gidaje a sabuwar shekara, tana ɗaure a jikin tsofaffin bishiyoyi, tana ƙugun babban gwanin kokawar sumo. Gidan sarautar ƙasar daga Amaterasu yake janyo salsalarsa, ko da yake Sarki Hirohito ya fito a ranar 1 ga Janairun 1946 ya ce shi ba abin bauta ba ne. Ɗakin bautar Amaterasu da ke Ise, a lardin Mie, duk shekara ashirin ake gina sabo kusa da shi a rushe tsohon. Na 2013 shi ne karo na 62.

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki da yawa ba. Mu ma kakanninmu sun san tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, sun san Tsumburbura ta Dala, kuma bori bai gama mutuwa ba. Bambancin shi ne namu Musulunci ya tura shi bayan gari, nasu kuwa ya sa kwat ya shiga kamfani. Je ka Fushimi Inari a Kyoto ka duba bayan jajayen ƙofofin nan dubbai da suka jeru har kan dutse: sunayen kamfanoni da 'yan kasuwar da suka biya kuɗinsu ne a rubuce. Inari na shinkafa ne tun asali, yanzu shi ke riƙe da ciniki, yanyawa ce 'yar aikensa.

Inda abin ya zo mini wuya a unguwa ne. Akwai ƙungiyar mazauna, kowane gida yana biyan ɗan kuɗi, da shi ake kula da wurin zuba shara da fitilun lungu da atisayen girgizar ƙasa. Da bazara ta zo sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa da takardar karo-karon bikin jinjan unguwa, ta kuma ce samari sun yi ƙaranci, ga ni da ƙarfi, ko zan sa kafaɗa a ɗauki mikoshi. Shi ne ɗakin nan mai ado da suke cewa kami yana shiga a zaga da shi gari. Da a ce wa'azi ta zo yi mini, da na san amsar da zan ba ta. Amma ita ba ta damu da abin da na gaskata ba, hannu take nema, kuma matar nan ita ta koya wa uwargida yadda ake rarraba shara kala-kala.

Ranar Juma'a na tari malaminmu bayan salla. Ya ce, "Ɗan'uwa, haƙƙin maƙwabci wajibi ne, amma kafaɗarka ba ta ɗaukar abin bautar wani. Nemi aikin da ba nasa ba." Haka na yi. Na gaya wa dattijuwar addinina bai yarda in ɗauka ko in sa kuɗi a bikin ba, amma sharar titi bayan an watse tawa ce, kuma kuɗin ƙungiya ba zan fasa ba. Ta ɗan yi shiru, ta ce to, tsintsiya tana ɗakin taro. Ko ta ji haushi, fuskarta ba ta nuna ba, kuma a nan sai ka shekara ba ka gane ba.

Yanzu rigimar ta koma cikin gida. Ajin 'yata za su yi tafiyar makaranta zuwa Kyoto da Nara, kuma rabin wuraren da za a kai su na bauta ne. Uwargida ta ce, "Maigida, yarinya ce fa. In ta ga ƙawayenta suna tafi suna rusunawa, kana jin za ta tsaya ƙiƙam?" Ni kuma ina ganin gara ta je ta gani da idonta, ta koyi tsayawa gefe da ladabi tun muna kusa, don nan za ta girma. Na rubuta wa malamar ajin cewa ta shiga ko'ina amma kada a sa ta rusuna ko ta sayi laya. Takardar izinin tana nan, uwargida ta ce sai ta yi magana da yayarta a Kano kafin a sa hannu.