Daga Samayapuram zuwa Velankanni

Jinyar yayana ce ta kai ni Chennai, a kudancin Indiya. Da jiki ya yi sauƙi, na bar shi da matarsa, na hau jirgin ƙasa daga tashar Egmore zuwa Tiruchirappalli, a tsakiyar jihar Tamil Nadu. Direban tasin da na ɗauka a can mabiyin Hindu ne, amma hotuna biyu ya liƙa a gaban mota: wata jar mace mai hannu huɗu, da kuma Maryamu rungume da jariri. Na tambaye shi wacce ce tasa, ya yi dariya ya ce ai ba a zaɓe tsakanin uwa da uwa.

Samayapuram ya fara kai ni, inda babban ɗakin bautar Mariamman yake. A wurin mabiya Hindu masu bauta mata, ita ke saukar da ruwan sama, ita ke saukar da agana da ƙarambau, ita ce kuma ke ɗauke su. Ban shiga ciki ba, a haraba na tsaya, kuma abin kallon harabar ma ya isa. Mata sanye da rawayen tufafi riƙe da ganyen darbejiya (bishiyar nan da ta cika garuruwanmu, ashe nan ne asalinta), wanzamai na aske maza da mata da jarirai ƙwal, ana shafa musu sandal a ka. Masu tebura na sayar da gishiri da masoro na miƙa wa Mariamman, da ƙananan faifan ƙarfe masu siffar ido ko ƙafa ko hannu. Inda ke maka ciwo, shi za ka saya ka miƙa.

Daga nan muka bi ta Thanjavur, gonakin shinkafa hagu da dama, har Nagapattinam. Kilomita 12 kudu da ita, a bakin tekun Bengal, farin cocin Velankanni ya bayyana.

Na ɗauka wata duniya zan shiga, sai na tarar da wanzamai. Ana aski, ana gangarawa teku wanka, ga masu sayar da faifan ido da ƙafa irin na Samayapuram, sai dai a nan an ƙara da kyandir. Mutum-mutumin Maryamu ma sari aka ɗaura masa, tufar matan ƙasar, da kambi da sarƙar furanni. Akwai doguwar hanya da aka shimfiɗa wa yashi, mutane na bin ta a kan gwiwa cikin rana har zuwa wani tafki. Masu neman haihuwa na rataye ɗan gadon jariri na katako, masu neman gida na maƙala kwaɗo. Wani ɗaki guda an cika shi da kyaututtukan waɗanda suka ce buƙata ta biya, har da sandunan guragu. Da yawa daga masu rarrafen nan da jan ɗigo irin na mabiya Hindu a goshinsu, ba wanda ya tare su da tambayar addini.

Labarin da ake bayarwa shi ne, wajen ƙarni na 16 Maryamu ta bayyana ga wani yaro mai ɗauke da madara, daga baya ga wani gurgu mai tallar nono ya miƙe, sannan ta ceci matuƙan jirgin ruwa 'yan Fotugal daga guguwa, suka gina mata coci. A 1962 Paparoma John na 23 ya ɗaga darajar cocin. Bikinta na farawa ran 29 ga Agusta da ɗaga tuta, ya ƙare 8 ga Satumba, ana zagayawa da ita a ƙawataccen keke, kamar yadda ake yi a bukukuwan Hindu. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta riski baƙin Kirsimeti a wannan gaɓa. Gundumar Nagapattinam kaɗai ta rasa mutum fiye da 6,000.

A fagen aƙida akwai tazara. Wata sista ta cocin ta jaddada mini cewa Maryamu ba abar bauta ba ce, roƙo take kai wa ɗanta, alhali Mariamman a wurin masu ita da ikon kanta take warkarwa. Na yarda haka yake a littattafai. Amma ban ga alamar matar da ke jan gwiwa da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa tana wannan lissafin ba. Ni da na tashi da karatun Suratu Maryam, girman Nana Maryam ba baƙo ba ne gare ni, sai dai durƙusa wa mutum-mutumi ba hanyata ba ce, don haka na yi kallo daga gefe.

La'asar na yi ta a Nagore, arewa da Nagapattinam kaɗan, kusa da hubbaren waliyyi Shahul Hamid. A ƙofar nan ma akwai wanzamai da masu faifan ƙarfe, kuma direbana ya riga ni shiga.