Na Je Sakkwato Sarin Fata, Na Raba Dare Kallon Darar Kwamfuta

Shekaranjiya na dawo Kano, har yanzu ƙurar hanya ba ta bar maƙogwarona ba. Fatar jar akuya ce ta kai ni Sakkwato, irin wadda dukawanmu ke nema ido rufe, sai kuma zumunci, don a can yayata ke aure.

Daga Funtuwa zuwa Gusau kowa ya yi tsit yana jan carbi. Bayan Talata Mafara ne wani mai kaki ya sauke ni a shinge, ya zazzage jakata a ƙasa, ya ɗaga atamfar da na sayo wa yaya tsaraba yana neman rasit. Turmi ɗaya tal! Sai da direba ya sa baki, kuma ko sannu bai ce mini ba da na durƙusa ina tsince kayana.

A tasha na hau kabu-kabu, abin da muka manta da shi a Kano tun da aka hana acaɓa. Albasa kuwa kamar a ce kyauta, kwandon da na gani a bakin hanya da a 'Yankaba ne sai an ninka kuɗinsa. Mijin yaya ya yanka mini zabo, aka kawo fura mai kauri, ya rantse ba zan kwana a masauki ba.

Zafi ya hana barci, muka baje tabarmi a tsakar gida. Nan na ga ɗan yayata, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ƙura wa na'urarsa ido, 'ya'yan darar Turawa, wato ces, suna ta motsi ba wanda ya taɓa su. Na ce da wa kake yi? Ya ce, "Kawu, ba ni ba ne. Manhaja biyu na haɗa faɗa, Stockfish da Leela."

Wasan bai ja ni ba kamar wata 'yar lamba da ke gefe, tana hawa tana sauka: +0.30, +0.45, ta koma 0.00. Ya ce farashin da manhaja ta yi wa allon ke nan. In da alamar tarawa fari ke gaba, in ta ragewa ce baƙi, sifili kuma kunnen doki. Asalin ma'aunin soja ne, mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan darar: shi 1, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Da can mutane ne ke rubuta wa na'ura sauran ƙa'idoji da hannu, ko sarki na da kariya, ko 'ya'ya na da sararin motsi, ko wani soja ya kusa kai wa ƙarshen allo. Da irin wannan, da duba yanayi miliyan 200 a daƙiƙa, kwamfutar Deep Blue ta kayar da zakaran ces na duniya Garry Kasparov a 1997. Amma tun 2020 Stockfish ta rungumi wata ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura da ta koyi kimantawa daga ɗimbin wasanni, dabarar da aka aro daga masu darar Japan. Yanzu in ta ce +1.00, nufinta cikin wasa biyu irin wannan fari zai ci ɗaya, ba lallai a ce an fi abokin karawa da soja ba.

Can sai suka saɓa. Leela ta ba da soja haka kawai, Stockfish ta ce ita kanta ke gaba, Leela ta ce canjaras ya fi kusa. Allo ɗaya, farashi biyu! Na tashi zaune, don wannan sana'ata ce. Dillalin da ya san fata ba ya tsayawa kan faɗinta. Sai ya ɗaga ta a rana, ya ja, ya shinshina, ya nemi inda wuƙa ta yi kuskure, sannan ya faɗi kuɗi, kuma wani dillalin ya zo ya faɗi nasa daban. Yaron ya ce ita Stockfish zurfin lissafi take da shi, miliyoyin yanayi a daƙiƙa, tana sare duk reshen da ba shi da amfani. Leela kaɗan take dubawa, ta dogara da ido, irin na wata manhaja AlphaZero da ta kara da Stockfish wasa 100 a 2017, ta ci 28, sauran 72 canjaras. Muna nan har ƙarfe biyu. Ba da sojan nan ya sa dokin Stockfish ya rasa hanya, lambar Stockfish ta yi ta zubewa har sifili.

Da safe a kasuwa wani dattijo ya shafa fatar da na zaɓa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wagga ba ta kai kuɗin da kaka shirin ba da ba." Ya nuna mini ƙaramin tabo a wuya, ya rage da kansa. A Kano ban cika ganin mai kaya ya yi haka ba. Dozin huɗu na ɗauka a wurinsa.

Na yi ziyara Hubbaren Shehu bayan la'asar, na wuce ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Washegari da asuba yaron ya sa mini Stockfish a waya, yaya ta cusa mini kilishi da buhun albasa, muka kamo hanya. Ba wanda ya tsayar da mu har Funtuwa.