Filin da ya tashi sau biyu da ciyawarsa

Watana uku da kama aiki a sashen wasanni aka ce in rubuta gajeren tarihin filin kurket na Lord's da ke Landan, domin a can za a buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2019. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, kurket kuwa ban san kansa ba balle gindinsa. Amma sabon ma'aikaci ba ya cewa bai iya ba. Na harhaɗa abin da ya samu, kafin la'asar na miƙa.

Editanmu, dattijo ne mai ƙarancin magana, layi biyu ya karanta ya cire tabarau.

"Kai yaro, wa ya ce maka filin masu sarauta ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sunan ne ya nuna."

Ya ce in koma in tambayi sunan.

Ashe Lord ɗin ba sarauta ba ce, sunan mutum ne. Thomas Lord, haifaffen Thirsk a yankin Yorkshire, mai jefa ƙwallo ne da ya yi wa manyan Landan hidima a ƙungiyarsu ta kurket, ya kuma yi sana'ar sayar da giya. Su manyan ne suka tsaya masa ya buɗe fili a 1787, shekarar da aka kafa ƙungiyar kurket ta Marylebone, wato MCC, wadda har gobe ita ce mai filin kuma ita ke riƙe da dokokin wasan. Wato masu sarautar suna nan a labarin, amma sunan na yaronsu ne. Na fassara kalma, na ɗauka na yi bincike. Tun ranar ban ƙara gina jimla a kan abin da suna ya yi mini kama da shi ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Na rubuta cewa filin yana inda yake tun 1787, alhali wannan shi ne na uku. Na farko yana wurin da ake kira Dorset Square a yau. Na biyu bai daɗe ba, domin an yanke shawarar haƙa hanyar ruwa ta Regent ta tsakiyarsa. A 1814 aka koma inda yake yanzu, a unguwar St John's Wood. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tashin da aka yi sai Lord ya sa an yanko ciyawar tsohon filin da ƙasarta an shimfiɗa a sabon. Kafin injin yankan ciyawa kuwa, tumaki ake sakowa su yi aikin. A 1825 gobara ta cinye ginin 'yan ƙungiya tare da takardun tarihin farko, wanda ake gani yanzu a 1890 aka gama shi.

Da na kawo gyara, sai dattijon ya tambaye ni ina gangaren. Na gan shi a karatuna, na watsar, a ganina ƙaramin abu ne. Filin ba a miƙe yake ba: daga wannan gefe zuwa wancan akwai gangare na kusan mita 2.5, kuma yana karkatar da ƙwallo bayan ta daki ƙasa, har mai jifa sai ya lura da ɓangaren da yake jifa daga shi. Da a wani wurin ne da tuni an kawo katafila. Su sun bar abinsu. Ni na cika takarda da shekaru, na bar abin da duk ɗan wasan da ya taka filin zai fara ambata.

Sai kuma kirari. Rubutuna na farko yabo ne zalla: gidan kurket, wurin da Ingila da Ostireliya suka fara karawa a cikinsa a 1884, inda ake ajiye ɗan tulun tokar nan da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa, inda Indiya ƙarƙashin kyaftin ɗinta Kapil Dev ta ba duniya mamaki ta ɗauki kofin duniya a 1983. Duk gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa sai a 1998 MCC ta yarda mata su zama 'yan ƙungiya, bayan shekara 211. Edita ya ce mu ba maroƙan filin ba ne. Na saka, kuma a ganina sakin layin ne ya fi kowane nauyi.

Ranar 14 ga Yuli na zauna a ofis na kalli wasan, na farko da na taɓa gani daga fari har ƙarshe. Ingila da New Zealand suka tashi 241 kowacce, aka yi zagayen raba gardama suka sake yin 15 da 15, aka ba Ingila kofi don ta fi yawan buga ƙwallo zuwa iyakar fili. Dattijon ya leƙo, ya ce in rubuta yadda aka yi, amma in fara karanta dokar tukuna.